Kafin Mu Ɗauki Bulala, Mu Saurari Barcin Yaro

 Mun saba zance da ku a wannan shafi a kan iri da taki da bashin injin ban ruwa. Yau za mu bar gona mu shiga ɗaki, gama akwai abin da ke damun waɗansu 'ya'yanmu da dare, mu kuwa sai da rana mu ke ganin ɓarnarsa, mu laƙaba masa wani suna dabam, mu hukunta yaro a kansa.

Ga maganarmu a taƙaice. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 wanda ke minshari kusan kowane dare, da rana kuma ya hana gida sakat da rigima, kada a yi saurin ce masa mai taurin kai. A fara kai shi a duba masa hanci da maƙogwaro. Muna kuma ganin ya kamata ƙungiyoyinmu na gama kai su sa hannu cikin wannan aiki, kada a bar wa uwa ita kaɗai.

Abin da muka ji a Badariya

A bazarar bara muka je gidan wani ɗan ƙungiya a nan Badariya bayan faɗuwar rana, domin mu daidaita lissafin man injinsa na noman rani. Zafi ya kori kowa waje. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ɗansa ɗan shekara 3 yana kwance a kai. Mun san yaron, duk unguwa ma ta san shi. Shi ne mai cizon 'yan'uwansa, mai kifar da kwano, wanda in ya fara kuka ba ya jin rarrashi. Uwarsa ta daina zuwa zumuntar mata saboda kunya, gama an sha gaya mata ita ta sangarta shi. Mu ma da bakinmu mun taɓa ce wa ubansa ya ƙara sa masa ido, wai ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Muna cikin lissafi sai wata ƙara ta ɗauke mana hankali. Yaron ne ke jan minshari kamar dattijo. Bakinsa a buɗe, ya miƙar da wuya baya, zufa ta jiƙe masa kai. Can sai shiru. Ƙirjinsa yana motsi, yana lotsawa ciki, amma iska ba ta wucewa. Muka ƙirga a zuci har goma sha biyu. Sa'an nan ya yi firgigit, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga gulbi, ya juya, ya koma minshari. Kafin mu rufe littafin lissafi ya yi haka ya fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya.

Muka tambayi kakarsa, "Mama, kullum haka ya ke barci?"

Ta ce, "Tun yaye, Malam. Gadon gida ne. Kakansa ma in ya kwanta har maƙwabta suna ji. Ai barci mai nauyi ke nan."

Uwar tana gefe tana tankaɗe. Ta ce a hankali, "Malam, ni ba na runtsawa. In ya yi shirun nan sai in taɓa shi, in ji ko da sauran rai."

An riga an kai shi wajen wanzami an cire masa beli. An sayo masa maganin mura mai sa barci a kemis. Bulala kuwa ba a magana. Abu ɗaya ne ba a yi ba: ba wanda ya haɗa zancen minsharin dare da rigimar rana. Mu da muka fito kwalejin horon malamai, aka koya mana hanyoyin ladabtar da yaro iri iri, mu ma ba mu haɗa ba sai a daren nan.

Me ke faruwa cikin wuyan yaro?

Kowane mai noman rani a fadamar Birnin Kebbi ko ta Argungu ya san abin da ke faruwa in laka ta toshe bakin tiyo. Inji ya yi ta gurnani, ruwa ya zo ya yanke, ya zo ya yanke, mai ya ƙare, shinkafa ba ta ƙoshi ba. Ba mai hankalin da zai ɗauki sanda ya bugi inji. Tiyo za a ciro a duba.

Haka hanyar numfashin yaro ta ke. A cikin maƙogwaro akwai tsoka biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, likitoci suna kiransu tonsil. In yaro ya buɗe baki sosai a kan hange su. Akwai kuma wata tsoka can bayan hanci, sama da ganɗa, wadda ba a ganinta ta baki, suna kiranta adinoid. Wani likitan ƙasar Danmak mai suna Wilhelm Meyer ya yi bayaninta tun shekarar 1868. Aikin waɗannan tsokoki shi ne tare ƙwayoyin cuta. Amma tsakanin shekara 2 da 8 su kan yi girma sosai, alhali maƙogwaron yaro bai gama faɗaɗa ba. Yawan mura da ƙura da hayaƙi kuma suna ƙara kumbura su.

Da rana yaro yana iya kokawa da abin, ko da ya ke za ka ga bakinsa a buɗe, yana magana ta hanci kamar mai mura. Amma sa'ad da barci ya ɗauke shi, naman wuya ya kan saki, hanya ta ƙara tsukewa. Ƙarar da iska ke yi wajen kutsawa ita ce minshari, ko hansari kamar yadda waɗansunmu ke faɗi. In hanyar ta rufe gaba ɗaya, numfashi ya tsaya, iskar da jini ke ɗauke da ita ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta tashe shi domin ya tsira. Ba ya buɗe ido, da safe ma ba ya tuna kome. Amma an katse masa barci sau da yawa kafin gari ya waye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. Ɗan shekara 3 zuwa 4 kuwa awa 10 zuwa 13. To, wannan yaro ya cika awoyinsa a kan tabarma, amma barcin ba shi da auki.

A nan ne mu ke ruɗewa. Babba in bai yi barci ba, gyangyaɗi ya ke yi, kowa ya gane gajiya ce. Yaro ƙarami sau da yawa ba haka ba ne. Gajiya ta kan fito masa ta ƙiriniya, da saurin fushi, da kuka ba dalili, da rashin zama wuri ɗaya. Ka aike shi ya mance, ka kira shi kamar bai ji ba. Wani ya kan yi ta fitsarin kwance bayan tsararsa sun daina. Wani ba ya ƙiba, gama haɗiya tana yi masa wuya, ƙarfinsa yana ƙarewa wajen neman numfashi, ga shi kuma cikin barci mai zurfi ne jikin yaro ya fi samun abin da ke sa shi girma. In abin ya yi tsanani ya daɗe, har zuciya ya kan wahalar.

Shaidar masu bincike

Kada wani ya ce ra'ayin malamin gona ne kawai. A ƙasar Ingila, a yankin birnin Biristol, an bi yara fiye da 11,000 tun suna wata 6 har suka kai shekara 7, ana tambayar iyayensu yadda su ke barci da yadda halinsu ya ke. Wata malama mai suna Karen Bonuck da abokan aikinta suka fitar da sakamako a shekarar 2012. Sun tarar yaran da ke minshari, ko numfashi ta baki, ko yankewar numfashi, sun fi sauran shiga matsalar hali a shekara 7, daga ƙarin kashi 40 cikin 100 har zuwa ninki biyu. Rashin natsuwa shi ya fi yawa.

A shekarar 2012 ɗin kuma, a birnin Sinsinati na Amurka, an duba yara 249. Waɗanda aka samu suna minshari mai ƙarfi a shekara 2, har yanzu kuma suna yi a shekara 3, su suka fi ƙiriniya da rashin mai da hankali. Binciken ya nuna wani abu da zai faranta wa matanmu rai: yaran da suka daɗe suna shan nono ba su cika ɗorewa da minshari ba. Al'adarmu ta shayar da yaro har kusan shekara 2 abin riƙewa ce.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙiyasta cewa yaro 1 zuwa 5 cikin kowane 100 yana da irin wannan yankewar numfashi, masu minshari kawai kuwa sun fi haka. Saboda haka ta shawarci likitoci su riƙa tambayar kowace uwa ko ɗanta yana minshari. Ku duba yawan yaran da ke cikin gidajen 'yan ƙungiyarku, ku yi lissafin da kanku.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu amosanin jini, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a ƙasar nan. Yankewar numfashi cikin barci ta fi yawa ga irin waɗannan yara, raguwar iska cikin jini kuwa tana daga abubuwan da ke tayar musu da ciwo. Mai sikila in yana minshari, kada a yi jinkiri ko kaɗan.

Abin da waɗansu za su ce

Wani zai ce, "Malam, muna fama da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa, kai kana zancen minshari?" Gaskiya ne, waɗannan sun fi kisa, ba mu ce a sake su ba. Amma sauraron barcin yaro ba ya cin ko kwabo. Sa'an nan akwai yaron da a ke ta ɗura wa kunun gyaɗa ba ya ƙaruwa, ashe toshewar wuya ce ta hana.

Wani zai ce, "Ashe duk yaro mai rashin ji ciwo gare shi?" A'a. Shekara 2 da 3 lokacin gardama ne ga kowane yaro, tarbiyya kuwa tana nan a matsayinta. Yunwa, da tsutsar ciki, da ƙarancin jini, da ciwon kunne, da tashin hankali tsakanin miji da mata, duk suna sa yaro rigima. Minsharin kwana uku na lokacin mura ma ba abin tsoro ba ne. Wanda mu ke magana a kai shi ne na kullum, dare 3 ko fiye cikin mako, ko da yaro ba ya mura.

Wani kuma zai ce, "Ai belu ne, wanzami zai gama da shi." Wanzamai mutanenmu ne, sana'arsu ta gado ce, ba mu raina su ba. Amma beli ɗan ƙaramin nama ne da ke reto a tsakiya. Abin da ke toshe hanya yana gefe da gefe da kuma bayan hanci, inda bai kamata askar kowa ta kai ba in ba a ɗakin fiɗa ba. A cire beli, minshari yana nan. Ga haɗarin zubar jini, ga ciwon sarƙewar haƙora, ga ciwon hanta in ƙarfen ya taɓa wani kafin ɗanka.

Maganin mura mai sa barci kuwa ƙara dagula al'amari ya ke yi. Yana ƙara sakin naman wuya, yana kuma danne ƙwaƙwalwar da ke tashin yaro in numfashinsa ya tsaya. Ku tuna gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018. Kada a ba yaro mai minshari kowane irin magani domin ya yi shiru, sai da izinin likita.

Na ƙarshe shi ne tsoron fiɗa. Wannan tsoro muna ganin girmansa. Amma ba kowane yaro a ke yi wa aiki ba. Wani maganin fesawa a hanci ya ishe shi, wani likita zai ce a jira a sake dubawa. An yi wani babban gwaji a Amurka da yara 464 'yan shekara 5 zuwa 9, aka buga sakamako a 2013. An cire wa rabi tsokokin nan, rabi aka sa musu ido. Bayan wata 7, kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki numfashinsu ya daidaita, iyaye kuma suka shaida halinsu ya gyaru. Cikin waɗanda aka jira ma, kashi 46 sun warware da kansu. A jarrabawar auna mai da hankali kuwa ba a ga wani bambanci mai yawa ba. Ashe fiɗa tana taimako ƙwarai, amma ba ita kaɗai ce hanya ba, ba ta kuma mai da yaro haziƙi dare ɗaya. Likita ne zai auna wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Namu shi ne mu kai yaron gabansa.

Abin da za a yi a gida

Na farko, ku saurara. Ku zaɓi dare 3 da yaro ba ya mura. Bayan ya yi nisa da barci, musamman wajen asuba, ku zauna kusa da shi da tocila. Yana minshari? Bakinsa a buɗe? Numfashi yana tsayawa sa'an nan ya shaƙa da ƙarfi? Ƙirji yana lotsawa? Yana yawan birgima da zufa? Uba ma ya zauna ya gani da idonsa.

Na biyu, in akwai waya mai ɗaukar hoto a gida ko a maƙwabta, a ɗauki yaron yana barci na minti 2 ko 3, a ɗage masa riga domin ƙirji ya fito. Likita da rana ya ke ganin yaro, idonsa biyu yana wasa. Wannan hoto shi ne mashaidinku.

Na uku, a rage hayaƙi. Mai shan taba ya sha a waje. Kada a hura wuta a ɗakin da yara ke kwana, ko da sanyin hunturu. Gidan sauro ya fi maganin sauro na ƙonawa. Mata masu turara shanshara, ku sauke goyo ku ba wani ya riƙe nesa da murhu. A ƙasar Peru an canja wa mutanen ƙauyukan kan duwatsu murhu zuwa mai bututun fid da hayaƙi waje, rahoton da aka buga a 2013 kuwa ya nuna minsharin yara da wahalar barcinsu sun ragu. A yayyafa ruwa kafin shara lokacin ƙura, a kuma nisantar da yara daga wurin sheƙa da ƙona ƙaiƙayi.

Na huɗu, a je asibiti. A fara da na kusa, a faɗi magana ɗai ɗai: yana minshari kullum, numfashinsa yana tsayawa, ga halinsa da rana. A roƙi takardar ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. A Birnin Kebbi muna da Asibitin Sir Yahaya da Asibitin Tarayya, mutanen Argungu suna da babban asibitinsu, in kuma abin ya fi ƙarfin nan, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In an yi wa yaron da bai kai shekara 3 ba aiki, a kan kwantar da shi a sa masa ido, kada ku matsa a sallame ku a ranar.

Amma ku lura da wannan ƙwarai. In wahalar numfashi ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko wuya ya kumbura yaro ya kasa haɗiya, ko leɓe da harshe suka sake launi, ko yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 yana numfashi sau 40 ko fiye a minti ɗaya yana kwance, wannan ba na sauraron dare 3 ba ne. Yana iya zama limoniya, ko mashaƙo irin wanda ya ɓarke a Kano da waɗansu jihohi tun ƙarshen 2022. A tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Abin da ƙungiya za ta yi

Mun san abin da ke hana mutane zuwa asibiti. Kuɗin mota ne, da kuɗin kati, da wanda zai tsare gona in an tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗi ta sayi inji, ta iya kai yaro Sakkwato.

Muna ba da shawara uku. A kowace kaka, kowane ɗan ƙungiya ya ba da tiya ɗaya ta shanshara a asusun lafiyar yara, a rubuta a littafi dabam, a ba da rance ba ruwa. A zaɓi mace ɗaya mai hankali da riƙon asiri ta riƙa tambayar iyaye mata zancen barcin yaransu, ta kuma raka mai jin tsoron asibiti. Sakataren ƙungiya kuma ya je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KECHEMA, ya tambayo yadda za a yi wa iyalan 'yan ƙungiya rajista, ya kawo bayani a taro na gaba. In wani ya tafi jinyar ɗansa lokacin ban ruwa, a yi masa gayya kada shinkafarsa ta ƙone.

Yaron nan na Badariya an kai shi. Likita ya kalli hoton waya, ya duba maƙogwaro, ya fara ba da magani, da bai isa ba aka yi aiki. Ƙungiya ta ranta wa ubansa kuɗi, ya biya da kaka. Ba za mu ce muku ya zama salihi ba. Har yanzu yana hawan katanga, yana korar kajin kakarsa. Amma ya daina cizo, yana cinye tuwonsa, in an yi masa magana yana tsayawa ya ji. Uwarsa ta koma zumunta. Ta ce daren farko da suka dawo gida ta tashi sau uku tana taɓa shi, gama shirun ya yi mata yawa.

Ubansa kuwa, ran da ya kawo cikon rance, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, dukan da na yi wa yaron nan shi ke damuna." Ba mu sami abin ce masa ba, gama da shawararmu a ciki.

Yau da dare, bayan an kashe fitila, ku kasa kunne.

Naku cikin aiki,
Malamin Gona, Badariya, Birnin Kebbi